Kwal mai araha: wane irin zafi ne a cikin buhun?

Wani mai gidan burodi a Tudun Wadan Zariya, wanda kuma yake da hannun jari a sana'ar ƙona jan bulo, ya aiko da tambaya. Ya ce itace da gawayi sun yi tsadar da ta fara cinye masa riba, sai wani dillali ya kawo masa samfurin kwal a ƙaramin buhu, ya ce zai iya sauke masa tirela guda a farashin da bai kai na gawayi ba. Har takarda ya nuna masa, an rubuta kilokalori 6,400 a kowane kilo. Da ya zuba kaɗan a wuta sai hayaƙi mai wari ya turnuƙe wurin, ga toka tuli guda. Tambayarsa ita ce: "Kwal ɗin ne ba shi da kyau, ko ni ne ban iya aiki da shi ba? Kuma me wannan lambar take nufi?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka miƙa kuɗi. Na daɗe ina aikin gwajin makamashi a ɗakin bincike, kuma abin da ka bayyana na sha ganinsa. Hasashena shi ne kwal ɗin da aka kawo maka na ƙaramin mataki ne, lambar da ke takardar kuma mai yiwuwa gaskiya ce, sai dai ba ta kwal ɗin da za a sauke maka a ƙofar gida ba ce. Bari in warware maka zaren daga farko.

Kwal itatuwa ne da ciyayin fadama da ƙasa ta binne tun shekaru miliyoyi, nauyi da zafin cikin ƙasa suka yi ta dafa su a hankali. Na yankin Inugu ya kai kimanin shekara miliyan 70. Dahuwar nan kuwa mataki-mataki ce. Wanda bai nuna ba sosai shi ake kira lignait, launinsa ruwan ƙasa ne, wani lokacin har zanen itace za ka gani a jikinsa. Na gaba da shi sab-bituminos, baƙi ne amma ba ya sheƙi sosai. Sai bituminos, sai antirasait mai tauri da ƙyalli. Idan aka ce kwal mai ƙaramin daraja, biyun farko ake nufi, ko kuma kowane kwal da ƙasa da duwatsu suka yi masa yawa. Mafi yawan abin da Allah ya ba mu a Nijeriya a cikin wannan rukunin yake. Na Inugu, da na Okaba a Kogi, da na Owukpa a Binuwai, galibi sab-bituminos ne. Na Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta Gombe, wanda masana'antar siminti ta Ashaka ke ƙonawa, yana tsakanin lignait da sab-bituminos. Akwai kuma shimfiɗar lignait da ta ratsa Ogwashi da Asaba zuwa sassan Anambara da Imo. Na Obi kusa da Lafiya a Nasarawa shi ne ya fi nuna, amma shi ma toka da farar wuta sun yi masa yawa.

Wannan ba abin raini ba ne. Kwal ɗin Inugu, da aka gano a 1909 aka fara haƙa a 1916, shi ne ya yi ta jan jiragen ƙasa ta tashar Zariya zuwa Kano da Gusau da Ƙaura Namoda, har haƙarsa ta kai wajen tan 900,000 a shekara a ƙarshen shekarun 1950, kafin injinan dizal su karɓe aikin. Kakana ma'aikacin reluwe ne a Sabon Gari, kuma ina yaro na ji shi yana faɗin yadda mai zuba wuta yake gane kwal mai kyau tun daga nauyinsa a kan shebur. Wato kwal ɗinmu yana aiki, amma a murhun da aka gina dominsa.

To me ke cikin dunƙulen kwal? Idan ka kawo mana samfur, abu huɗu muke fara rabawa. Mukan niƙa shi ya zama gari, mu auna, mu sa a tanderun gwaji mai zafin digiri 105 zuwa 110. Nauyin da ya ragu shi ne ruwa. Sai mu rufe wani kason a ɗan ƙoƙo mai murfi, mu ba shi zafin digiri 900 zuwa 950 na minti 7. Abin da ya tashi ya fice, bayan an cire lissafin ruwan, shi ne sinadarai masu tashi, wato su ne ke zama harshen wuta idan sun sami iska, su zama hayaƙi da kwalta idan ba su samu ba. Sannan mu ƙone wani kason ƙurmus a buɗe, abin da ya saura shi ne toka. Ragowar lissafin shi ne tsayayyen kabon, wanda ke zama garwashi. A cikin huɗun nan, biyu ne kawai ke ba ka zafi. Ruwa da toka kuɗin mota kawai suke ci.

Ruwan nan shi ne abin da mutane suka fi kasa yarda da shi, domin kwal ɗin a hannu a bushe yake, ba ya jiƙa maka tafi. Amma a cikinsa akwai ƙananan ƙofofi kamar na soso, ruwan na ciki. Lignait da aka haƙo yanzu yakan ɗauki ruwa kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari na nauyinsa. Na Jamus, ƙasar da ta shahara da ƙona shi, fiye da rabinsa ruwa ne, shi ya sa suka gina tashoshin lantarki a bakin ramin haƙar, don ba ya biyan kuɗin doguwar tafiya. Sab-bituminos yakan ɗauki kashi 10 zuwa 30. Kuma ruwan bai tsaya ga cike gurbi ba, sai ya karɓi nasa rabon daga wutar kafin ya tafi: kowane kilo na ruwa yana shanye kimanin megajul 2.4 kafin ya zama tururi (megajul ma'aunin yawan zafi ne, kamar kilokalori). Ka san yadda ɗanyen itace yake yi wa masu tanderunka, yana tsiyayar ruwa ta gindi, wuta na ci kamar ba ta so. Haka ɗanyen kwal yake, illa dai shi ba ya nuna maka.

Sai mu shiga can ciki, wajen sinadaran da suka haɗu suka yi ɓangaren da ke ci da wuta. Guda biyar ne: kabon, haidurojin, oksijin, naitirojin da farar wuta. Kilo ɗaya na kabon zalla yana ba da megajul 33 da 'yan kai. Haidurojin ya fi shi nesa ba kusa ba, fiye da 140, sai dai shi ɗan kaɗan ne, wajen kashi 5 cikin ɗari. Farar wuta tana ba da 9 kacal, ga ɓarna. Naitirojin ba ya ba da komai. Oksijin kuwa shi ne sirrin raunin kwal mai ƙaramin daraja. Cin wuta ai haɗuwa ce da oksijin, don haka duk ɓangaren kwal da ya riga ya haɗu da oksijin tun yana cikin ƙasa, kamar ya riga ya ƙone ne, babu sauran zafin da zai bayar. Akwai tsohon lissafi da ake jinginawa ga wani masanin Faransa mai suna Dulong, wanda har yau muke amfani da shi don duba ko sakamakon gwaji ya hau hankali: kowane kashi 8 na oksijin yana kashe amfanin kashi 1 na haidurojin. Ɗauki lignait da aka cire wa ruwa da toka a lissafi, mai kabon kashi 70, haidurojin 5, oksijin 23. Oksijin ɗin ya cinye kusan kashi 3 daga cikin 5 na haidurojin, sai zafin ya tsaya wajen megajul 27 a kilo. Bituminos mai kabon 84, haidurojin 5.5, oksijin 8 kuwa zai kai 35. Tun ba a zo maganar ruwa ba ke nan an riga an bar lignait a baya.

Yanzu ga takardar dillalinka. Megajul ɗaya kilokalori 239 ne, don haka 6,400 ɗin nan ya kama kusan megajul 27. Ka ga ta yi daidai da lissafin da muka yi yanzu, wato na kwal da aka ɗauka babu ruwa babu toka a cikinsa. Irin wannan kwal a takarda kawai yake. Na'urar da ke auna zafi wata 'yar tukunyar ƙarfe ce mai kauri, a zuba gram ɗaya na garin kwal a ciki, a cika ta da oksijin, a nutsa ta a ruwa, a kunna da waya, a ga digiri nawa ruwan ya ƙaru. Daga sakamako guda ana iya fitar da lambobi huɗu, dukkansu na gaskiya: na kwal yadda ya iso, na wanda ya sha iska a ɗakin gwaji, na busasshe sarai, da na busasshe marar toka. Mai sayarwa zai fi son ta ƙarshe don ta fi girma. Kai kuwa mai saye, ta farko ce taka.

Bari mu yi misali, ba ina cewa haka naka yake ba. A ce kwal ɗin ya iso da ruwa kashi 30, toka kashi 15. Abin da ke ci da wuta a kowane kilo gram 550 ne. Ka ninka 27 da 0.55, ka sami 14.85. Ka cire wajen 0.7 na ƙafar da ruwan da ke ciki. Ka ƙara cire wajen 0.6, domin shi kansa haidurojin idan ya ƙone ruwa yake zama, tururin ya bi hayaƙi ya tafi da zafinsa. Abin da ya rage maka wajen megajul 13.5 ne, kilokalori 3,200 da ɗoriya. Kusan rabin abin da aka rubuta ke nan, ba tare da kowa ya rubuta ƙarya ba. Shi ya sa a kasuwar duniya ba a faɗin lamba sai an faɗi ma'auninta. Kwal ɗin Ostireliya da ake kafa farashi da shi kilokalori 6,000 ne yadda ya iso bayan cire asarar tururi, na Indunusiya mai araha kuma 4,200 ne kafin cire ta, kuma kuɗinsu ya yi hannun riga.

Ka ajiye 13.5 ɗin nan kusa da abin da ka saba da shi. Gawayi mai kyau yana ba da megajul 28 zuwa 30 a kilo. Itacen da ya bushe sosai yana ba da 15 zuwa 16. Kananzir 43, gas na girki wajen 46. Wato irin wannan kwal na misalinmu, kilo da kilo, busasshen itace ma ya ɗan ɗara shi, kuma sai ka ƙona kilo biyu kafin ka kamo kilo ɗaya na gawayi. Idan kuwa sab-bituminos mai kyau ne, mai ƙarancin ruwa da toka, zai iya ba ka 20 zuwa 24, nan magana ta canja. Adalci kuma shi ne in gaya maka cewa kwal ya fi gawayi nauyi ƙwarai, buhu ɗaya nasa zai iya yin nauyin buhun gawayi biyu ko uku. Don haka gwada buhu da buhu ba zai gaya maka komai ba. Sai ka ɗora kowanne a sikeli, ka raba kuɗin kilo da zafin kilo, ka ga nawa kake sayen megajul ɗaya a kowanne, har da kuɗin mota da na 'yan dako da na kwashe toka.

Tokar kwal daban take da tokar itace da mata ke tacewa su yi ruwan toka. Wannan yumɓu ne da yashi da ƙarfe, laka ce ta tsohuwar fadamar da kuma duwatsun da masu haƙa suka haɗo da su. A tan 30 na kwal mai toka kashi 15, tan huɗu da rabi ƙasa ce ka yi wa kuɗin mota tun daga Kogi ko Gombe. Idan wuta ta yi ƙarfi tokar kan narke ta dunƙule kamar kashin maƙera, ta toshe hanyar iska. Kuma kada a zuba ta a gonar kayan miya ko kusa da rijiya ba tare da gwaji ba, don takan ɗauki sinadarai masu guba.

Warin da ya shaƙe ka kuwa, akasari farar wuta ce. Ka fasa dunƙule ka duba da kyau, idan ka ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar zinariya, wannan haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Kashi 1 cikin ɗari kamar ba komai ba ne, amma a tan guda kilo 10 ke nan, wanda idan ya ƙone yakan zama kilo 20 na iska mai yaji da ke kama maƙogwaro. Idan ta gamu da laima sai ta koma ruwa mai cin ƙarfe, ta huda kwanon rufi da bututun hayaƙi. Na taɓa kai wa wani dattijon maƙeri a cikin birni ɗan samfur don in ga yadda zai yi a zugazugi. Ya hura, ya sa ruwan fartanya har ya yi ja, ya ɗora a uwar maƙera, bugu uku bakin ƙarfen ya tsage. Ya ajiye masaba ya ce mini, "Malam, wannan wutar tana ɓata ƙarfe." Gaskiyarsa, farar wuta kan shiga ƙarfe ta sa shi tsagewa yana da zafi. Ya koma kan gawayin ƙiryarsa, ni kuma na koyi abin da na'ura ba ta nuna mini ba.

A nan ne zan yi maka magana da babbar murya, Alhaji, don ta shafi lafiyar mutane. Kada ka ƙona ɗanyen kwal a tanderun da wuta da burodi suke zama a ɗaki ɗaya, irin wanda ake hura itace a ciki, a janye garwashi, a jera gwangwanaye. Kusan rabin abin da ke ci da wuta a lignait sinadarai masu tashi ne, a gawayi kuwa an riga an kore mafi yawansu tun a ramin ƙonawa. Kwaltar da ke cikin hayaƙin nan za ta lafe a bangon tanderu, ta shiga burodin. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya hayaƙin kwal da ake ƙonawa a cikin gida a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. A yankin Xuanwei na ƙasar Sin, matan da ba su taɓa shan taba ba sun yi ta kamuwa da kansar huhu saboda girki da kwal mai hayaƙi a ɗakunan da ba su da bututu. A lardin Guizhou kuma, mutane sun riƙa busar da barkono da masara a kan wutar kwal, gubar da ke cikinsa ta shiga abincin, ta lalata musu haƙora da ƙasusuwa da fata. Saboda haka ban yarda a gasa tsire ko gurasa ko masara a kansa ba, ban kuma yarda ma'aikatanka su ɗebi garwashinsa su shiga ɗaki jin ɗumi da sanyin hunturu ba. Iskar da ke kashe mutum cikin barci ba ta da wari, kuma gawayi ma yana fitar da ita, balle kwal. Idan tanderunka na zamani ne, wanda wutar ke ɗakinta daban, zafi kawai ke ratsa ƙarfe ko bulo, hayaƙi kuma ya fita ta dogon bututu, to ana iya duba lamarin, tare da tuna cewa kana tsakiyar unguwa ne, maƙwabta za su shaƙi abin da ka fitar.

Wajen jan bulo ne nake ganin kwal ɗin zai iya yi maka rana. A Indiya da Pakistan da Bangaladash da kwal ake ƙona mafi yawan bulo. Aikin a fili yake, ba abinci ba ne, kuma yana son wuta mai daɗewa. Amma kwal ba ya ci a ƙasa kamar itace. Yana son a ɗora shi a kan ragar ƙarfe iska ta shigo ta ƙasa, toka ta zube, sannan a bar wata ƙofar iska ta sama don hayaƙin ya kama da wuta maimakon ya gudu. A fasa shi daidai girman ƙwan kaza ko ƙasa da haka, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan a kan jan garwashi. Idan aka kifa masa shebur biyar a lokaci guda, wutar za ta shaƙe, hayaƙi ruwan ɗorawa ya tashi, wanda shi ne kuɗinka ke bin iska. Ina zaton haka ta faru a gwajinka na farko. Garin da ya rage kuma ba asara ba ne, ana kwaɓa shi da kokon rogo da ɗan garin dutsen da ake siminti da shi, a dunƙula a shanya. Dutsen yana kama wani kaso na farar wutar ya riƙe ta a cikin toka.

Ajiya ma sai an kula, musamman a yanayinmu na Zariya. Da hunturu iska ta bushe ƙarau, kwal mai ƙaramin daraja yakan saki ruwansa da sauri, ya tsattsage, ya koma gari. Bushewar tana ƙara masa zafi a kilo, amma garin yakan bi iska ko ya zube ta raga. Da damina kuma ya sake sha. Mafi haɗari shi ne irin wannan kwal yana shan iska a hankali yana ɗumama kansa, har tsibi ya kama wuta daga ciki ba wanda ya kunna. Kada a tara shi da tsayi, kada a jingina shi da bangon tanderu ko kusa da itace, a yi masa rumfa. A soka rodi a tsakiyar tsibin, kowace safiya a zaro a taɓa. In ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, a baje shi nan take.

Kafin ka yi ciniki, ka nemi buhu biyu ko uku daga ainihin kayan da za a loda, ba zaɓaɓɓen dunƙulen da dillali ke yawo da shi ba. Ka ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, ka farfasa, ka cakuɗa. Ka auna kilo 5 daidai, ka baje a faranti a kan rufin tanderu bayan an gama gashi, inda yake da ɗumi ba zafin kamawa ba, ka riƙa aunawa har nauyin ya daina raguwa. Wannan zai nuna maka mafi yawan ruwan. Ka ƙone wani kilo 5 ɗin har ƙarshe a waje, ka auna tokar. Sannan ka ɗora tukunya ɗaya da ruwa mudu ɗaya a kan kilo 2 na kwal, gobe a kan kilo 2 na gawayi, jibi na itace, ka ga wanne ya fi ƙafar da ruwa. Sauran samfurin ka ɗaure shi a leda mai kauri tun ranar da ya iso don kada ya bushe a hanya, ka kai gwaji. Ka fara tambaya a sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa (NARICT) da ke Basawa, ko cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa da ke Jos. Ka ce a rubuta maka ruwa, toka, farar wuta da zafi, dukkansu a ma'aunin yadda kwal ya iso. Idan sakamakon ya fito ka turo mini shi tare da farashin kilo na kwal da na itacen da kake saye yanzu, mu yi lissafin tare. In kuma za ka saya, ka fara da ƙaramar mota ɗaya a wajen bulo, ka ga ƙonawa guda ta kammala tukuna.